Tukunya a Cikin Bargo

A Merthyr, garin da ramukan kwal suka mutu tun ina yaro,
ruwan sama ba ya sallama.
Ran Laraba na dawo daga zauren bayan coci
da leda biyu, hannayensu sun yanke mini yatsu:
tumatir na gwangwani, shinkafa, busasshen wake,
albasa biyu, ɗaya har ta fara tsiro,
sai wani gwangwani da takardarsa ta ɓare,
ba mai sanin abin da ya haɗiye.

Matar da ke rubuta sunayen masu karɓa, Misis Prosser,
ita ta koya mini lissafi a aji uku.
Ba ta ɗago ido ba.
Wannan ma sadaka ce, na karɓa.

Mitar wuta na can ƙarƙashin matakala
tana ƙifta mini jan ido:
fam ɗaya da kwabo arba'in, kuma sai Litinin.
Shi wake ba ya jin lallashi,
awa biyu yake nema a kan wuta.
Ni kuwa minti ashirin na ware masa,
kamar mai bin bashi da aka ce ya dawo gobe.

Na jiƙa shi ya kwana.
Da asuba na soya albasa da ɗan man da ya rage a gindin kwalba,
na juye tumatir, na ɗauraye gwangwanin, ruwan ma na zuba.
Na bar shi ya tafasa sosai, murfi na rawa,
sannan na kashe.

Kakata Nesta ta yi haka a shekarar dogon yajin aiki,
da akwatin katako da busasshiyar ciyawa.
Ni ba ni da ciyawa.
Na naɗe tukunyar da tawul, na ƙara tsohuwar rigar aikina,
na rufe da bargon gadona,
na ajiye ta a kwandon wanki kamar jinjiri.

Iolo ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.
"Baba, tukunya ba ta da lafiya ne?"
Na ce barci take, kada a tashe ta.
Ya fita makaranta da sanɗa.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ba a faɗi nawa ya biya kuɗin wuta ba.

Ƙarfe biyar na yaye bargon.
Tururi ya buge ni a fuska, tabarau ya yi hazo,
wake ya yi laushi shi kaɗai, a cikin duhu,
ba wanda ya tsaya a kansa.
Na zuba musu a kan shinkafa, nawa na rage hannu,
na ce na taɓa wani abu a hanya.
Eluned shekararta sha ɗaya.
Ta dubi faranti, ta dube ni, ta ci gaba da tauna.

Sai aka zo kan gwangwani marar suna.
Iolo ya girgiza shi a kunne, ya rantse abincin kare ne.
Eluned ta ce karas, don ita ba ta sa rai.
Na murɗa mabuɗi.
Abarba!
Zobe bakwai cikin ruwan sukari.
Uku, uku, na ce, ɗayan na gobe.
Ban juya baya ba sai ga biyu a farantina,
ita kuma tana kallon taga, wai ruwa ya tsagaita.

Da dare na shimfiɗa musu bargon.
Da sauran ɗumi a jikinsa, da ƙanshin albasa.
Iolo ya ja shi har hanci
ya ce gadon yana warin abinci.
Na leƙa ƙarƙashin matakala kafin in kashe fitila.
Saura kwabo casa'in da biyu,
da rabin tukunya.