Rumbunan Arbeya

Na tashi daga gadin dare a South Shields,
idona na yaji, ƙafa ta ƙi hanyar gida,
ta hau da ni tudun da ke kallon bakin kogin Tayin.
Ba a buɗe ƙofa ba tukuna. Na leƙa ta shinge.

Ga su nan, haƙoran dutse a cikin ciyawa.
Nan Rumawa suka kafa sansani,
ƙofa huɗu, ganuwa, gwalalo,
doki a ɗaure, mashi a jingine.
Da aka kwana biyu sai aka rushe ɗakuna
aka jera rumbuna sama da ashirin,
don ko mai mulkin duniya ya san
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Rundunar Gal ta yi gadin alkama,
ta yaƙi ɓera fiye da yadda ta yaƙi mutum.
Sai gobara ta zo ta ci rabonta.

A kan tokar aka sauke ’yan fito daga kogin Dijla.
Ɗaya cikinsu ni na raɗa masa suna Barhadad,
tunda dutse bai riƙe nasa ba.
Ina ganinsa da asuba, jan sanda a hannu,
yana tura kwale-kwalen hatsi cikin hazo,
yatsu sun ƙage, baki na furta sunan dabino
kamar mai tsoron kada kalmar ta daskare.
Albashi ya makara.
Wasiƙar gida ta fi albashi makara.
Ya koyi zagi da harshe uku,
addu’a kuwa da ɗaya tak.

Ba wanda ya busa ƙahon tashi.
Kuɗi ne suka daina zuwa,
tuta ta koɗe, ƙofar yamma ta zube,
masu gini suka kwashi dutsen a amalanke,
aka jera gidaje a kan makwancin jarumai,
ana shanya wanki inda ake jeren sahu.

Barhadad, abokin aiki,
ni ma dukiyar wani nake tsaro
a ƙasar da rana ke rowar fuskarta.
Kai ka koma, ko nan ka tsufa?

Tsuntsun teku ya yi ƙara a kan rumbu na tara.
Motar haya ta iso.
Na ja zif ɗin rigata har wuya,
na tafi in yi barcin da kake bi bashi.