Ganguna Uku a Ofishin 'Yan Sanda

Shekara talatin da ɗaya ina buga masa tafireta
a saman shagon mai gyaran agogo, a Salvador,
inda titi ke gangarawa teku kamar an hankaɗa shi.
Dokta Anacleto Seixas. Kwat ɗaya gare shi,
gwiwar hannunta har ƙyalli take don gugar teburin kotu.

Ranar da Dona Eufrásia ta hawo matakalarmu,
fararen kaya, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama,
na tura mata kujera, ta ƙi.
Ta ce da tsakar dare suka zo,
suka kwashe ganguna uku daga ɗakin ibadarta,
suka rubuta a littafinsu: kayan tada zaune tsaye.
"Babbar ta girmi uwata," in ji ta,
"ga ta can kwance cikin wuƙaƙen ɓarayi."

Shi mutumin coci ne, ba ya fashin Lahadi.
Ko ɗaya cikin sunayen da take kira bai yarda da shi ba.
Ya dai cire tabarau, ya hura, ya goge da bakin riga,
ya ce, "Zulmira, sa takarda."

Daga nan sai jeka-ka-dawo.
In ya shiga gidan shan kofi, lauyoyi 'yan'uwansa
su hau kaɗa tebur da yatsu, suna ƙunshe dariya.
Wani mai jarida, Tibúrcio, ya raɗa masa suna lauyan matsafa,
ya zana shi da ƙaho.
Matarsa mako uku ba ta ce masa uffan ba.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau:
"Lauya, tsakaninka da Allah,
ka yarda akwai mai amsawa a cikin fatar nan?"
"A'a, ranka ya daɗe.
Amma ƙararrawar cocinmu kan tashi unguwa ƙarfe biyar,
ban taɓa jin an ɗaure ta ba.
Rumfar da ke zaɓen wanda za ta yi wa inuwa
ba rumfa ba ce, tarko ce."

Muka sha kaye.
A ɗaukaka ƙara ma muka sha,
sai alƙali guda cikin biyar
da ya rubuta shafi ɗaya da rabi na rashin amincewa.
Dokta ya ninke shi ya sa a aljihu,
ya ce iri ne, ba girbi ba.

Ana nan aka kama Tibúrcio
kan ya kira wani babba da sunan da ya dace da shi.
Wa ya tafi belinsa cikin ruwan sama, ba lema?
Na ce, "Dokta, mutumin da ya yi maka ƙaho?"
Ya ce, "Zanen bai yi kyau ba, gaskiya.
Amma bakin da aka ɗinke yau don ya zage ni,
da ragowar zaren za a ɗinke nawa."
Tibúrcio ya fita, ko na gode.

Shekara tara kafin a saki gangunan.
Dona Eufrásia ta riga ta kwanta dama.
Ɓeraye sun cinye fatar biyu.
Jikarta ta goya babbar kamar jariri,
ta haura tudu da ita, ba ta waiwaya ba.

Yanzu ɗalibai kan zo da littattafai masu nauyi,
su nuna mini maganar rumfa a ƙasan shafi,
da ƙananan haruffa, sunansa ma an yi kuskure.
Suna tambaya ko ya san tarihi yake kafawa.
Ya san kuɗin haya sun taru, wannan kam ya sani.

Na tsufa, barcina bai da nauyi.
Wasu dararen kiɗan kan tsallako kwari har gadona,
ya hana ni runtsawa, in yi tsaki, in yi mita.
In tashi in rufe taga.

Taga kawai.