Minti Goma a Valparaíso

Ƙarfe uku na dare Eliodoro ya kira sunana,
can ƙasa-ƙasa, numfashin bai kai ba.
Na kunna fitila.
Cikin matasai ukun da yake jingina da su,
na saman ya rine ja.

Haɓo ne kuma.
Na huɗu ke nan tun shigowar sanyin Yuli,
tun da murhun kananzir ya shanye laimar ɗakin.

"Sunkuyo gaba," na ce, "kada ka ɗaga kai,
kada ka haɗiye."
Na matse hancinsa da yatsu biyu, nan wurin taushin,
yadda nas Ximena ta koya mini.
Minti goma, in ji ta, ban da leƙe.

Mutumin nan shekara talatin yana sauke buhuna a bakin teku,
ya hau matakala ɗari da tara zuwa ƙofarmu
da yaro a wuya, yana fito.
Yau ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi ta,
daga gado zuwa bayi sai ya yada zango.

Likita ya ce ƙwayar nan mai tsinka jini
ita ke hana gudaji tare masa hanya,
ita ce kuma ke hana haɓon tsayawa.
Gaba kura, baya siyaki.
Kullum da yamma nake miƙa masa ita,
ban taɓa tsallake rana ba.

Minti shida. Yatsuna sun fara sanƙarewa.
Jakar asibiti tana bayan ƙofa,
ni da ita ba ma haɗa ido.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka, yana neman mashiga.

"Norberta," ya ce da toshasshiyar murya,
"shekara arba'in kina neman akalata,
yau ga ta a hannunki."
Dariya ta kufce mini. Ban saki ba.

Goma ta cika.
Na sassauta a hankali,
kamar mai ajiye ƙwai a kan dutse.
Muka jira.
Babu ɗigo.

Na jiƙa rigar matashin a ruwan sanyi da gishiri,
na buɗe littafin da za mu kai asibiti:
Talata, hancin hagu, minti goma.
Da na waiwayo ya yi barci a zaune,
baki buɗe, kirji na hawa da sauka,
ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai ƙirga matakala.