Daƙiƙa Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Harobanda.
Wuta ta dawo, fanka ta soma tarinta,
na toshe kunnuwa da waya, na koma Tawa
ban hau mota ba, ban biya ko jika ɗaya ba.

Ga tsakar gidan Kubura a Bilbis.
Akuya na jan igiya, ana daka a maƙwabta,
ga muryata siririya, shafe da ladabin boko:
"Inna, tun yaushe ya tafi Abijan?"

Sai shiru.
Na auna shi, daƙiƙa arba'in da bakwai.
A cikinsa taɓarya ta sauka sau talatin da ɗaya,
mai kura ya wuce da ruwa yana buga jarka,
ita kuwa tana kwance bakin zane tana ƙullewa,
tana kwancewa tana ƙullewa.
Wannan rakoda ba ta kama ba. Ni na gani.

Can ta ce, "Shekarar da albasa ta ruɓe."
Ba ta ƙara ba.

To Farfesa, a wane gidan jadawali zan zuba wannan?

Ran Talata na tsaya gaban kwamiti.
"Mutum nawa kika tambaya?"
Na ce sha tara.
Ɗaya ya sauke tabarau ya goge da bakin riga:
"Sha tara? Ai ko motar Tawa ba su cika ba."
Aka yi dariya, na taya su,
don takardata na ƙarƙashin gwiwar hannunsa.
Ban ce wata huɗu na yi ina tsinkar zogale
kafin a daina shimfiɗa mini tabarmar baƙi ba.

Shekara shida ke nan ina koyarwa da awa,
kuɗin bara har yanzu yana hawa bene.
Sahabi da muka gama tare ya koma ƙungiya,
yana ƙidayar buhuna, motarsa da sanyi a ciki,
in ya gan ni bisa gada sai ya danna oda.
Mahaifiyata a waya: "Har yau hirar ce?
Wai hira ake biyan ki, ko ke kike biya?"

Rahoton bara ya fito daga ƙetare, takarda mai santsi.
Sunana na can baya wajen godiya,
layi ɗaya da Nomau direba.
Ban ji haushin zama kusa da shi ba,
shi ya san wace ƙofa ake fara yi wa sallama.

An ce magana zarar bunu ce.
Sana'ata ke nan, ina bi gida gida
ina zarar bunun mutane da yardarsu,
in ɗauro dami in kawo Yamai,
in yi rumfar da wani zai sha inuwa.
Ɗakin da na zara kuwa, ko yana yoyo,
ba a tanadi shafinsa ba.

Kubura ma ba sunanta ba ne.
Ni na raɗa mata, ba rago ba goro, don ƙa'ida.
A littafi ita ce ta bakwai, mace, kusan hamsin.
Da na kashe rakoda ta riƙe mini hannu:
"In kin kai maganar can, shi zai ji?"
Na ce ban sani ba, Inna.
Duk aikin, nan kaɗai ne babu gyara.

Na rubuta "shiru" cikin baka biyu. Na goge.
Na rubuta "ta yi jinkiri". Ƙarya ne, na goge.
Ladan ya fara gyaran murya,
masu lambu sun soma tura latas zuwa gada.

Ƙarfe takwas ina da aji, ɗalibai ɗari biyu da wani abu,
rabinsu a tsaye, wasu ta taga.
Yau ba alli.
Zan ɗora rakoda kan teburi, in ƙure murya,
in bar su da taɓarya da akuya,
in ga wa zai fara duba agogo.