Ƙullin Malali

Babana ya yi shekara sha tara a masaƙar Kakuri,
aikinsa ƙulla zare in ya tsinke.
Masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofarta,
ni na gaji ƙullin, zaren bai iso ni ba.

Daren Alhamis, Malali, teburin cin abinci.
Na ture kwanon gyaɗa, na baje takardu huɗu.
Jibi za su zo, kowa da mutumin da ya ƙaga,
ni ce mai jan labari,
kuma kafin ɗan lido mai fuska ashirin ya birgima
sai na san me ya tara baƙi huɗu kan hanya ɗaya.

Sagir ya cika shafi shida, ciki da baya:
maharbi ne, inuwarsa ta gudu ta bar shi
wani dare, a bakin wani ruwa.
Rahila, tsakanin allura da allura a asibiti,
ta rubuta a bayan katin magani:
'yar maƙera, rabin ƙararrawa a wuyanta,
ba ta taɓa jin muryarta ba.
Kyauta ɓarawo yake so, wanda kadoji suka raina,
haƙora waje, bai iya kuka ba.
Nafi'u kuwa, Allah ya shirya Nafi'u,
layi ɗaya tak: "Tsoho ne. Ya manta komai."

Na gwada azzalumi ɗaya da ya cuce su duka. Ya yi arha.
Na gwada uwa ɗaya. Rahila za ta harare ni.
Shayi ya huce, sauro ya gano idon sawuna.
Sai ruwan Agusta ya kece a kan kwano,
na tuna kogi ya cika har wuya,
na tuna biyu cikinsu kan haye gada kowace Asabar
don su zauna a wannan tebur.

Kwalekwale ne, ashe.
Kwalekwale ɗaya, daren ambaliya.
Ƙararrawa a goshinsa take, dutse ya raba ta biyu.
Jariri ya suɓuce, maharbi ya faɗa bayansa,
ya fito hannu wofi,
inuwar ce ta tsaya a ƙasa, ta tallabe yaron har kadoji suka zo.
Tsohon, shi ke riƙe da filafili.
Kogi ya ce a biya shi,
ya miƙa duk abin da ya taɓa sani, aka bar kowa da ransa.

Ranar Asabar ban ce uffan ba.
Na dai sa wani ƙarfe a gindin jakar tsoho.
Nafi'u ya jefa, sha bakwai.
Na ce, "Hannunka ya taɓo abu mai sanyi, gefensa a karye."
Rahila ta ajiye kofinta a hankali.
Sagir ya fara laluben shafi na huɗu.
Kyauta, karon farko, ya rufe haƙoransa.

"Ba dutse ba ne," in ji Rahila.
"Ubana ne ya fasa ta, da guduma, da gangan."
Wannan ba ya cikin takardata.
Ya fi nawa.
Na ninke shafin, na zauna a kai.

Aka ɗauke wuta. Fitilar waya huɗu ta tashi.
Inna daga ɗaki: "Wai caca kuke yi ne?"
Ba wanda ya amsa, suna gardamar wa ya ci bashin wa,
har tara ta gota, mai keke ya gaji da oda a ƙofa.

Na tsaya ina kwashe ɓawon gyaɗa.
Baba kan ce, in ƙulli ya yi kyau,
sai ka shafa yadi tun daga baki har baki
yatsanka bai gaya maka inda yake ba.