Littafin Awo

Ni tela ce, a bayan Taminus shagona yake,
tef a wuya, allura a baki.
Abin da na manta, littafin awo yana riƙe.

Shafi na arba'in: Suwaiba.
Ƙugu talatin da huɗu, ƙaramar sallar bara.
Ta shigo da maiƙon masa a yatsu,
ta ce in sakar mata rigar, tana son wurin dariya.

Sai aka kafa allo a tsallaken titi:
wata mace mai tsawon bene biyu,
ciki a shafe kamar faranti,
da kofin shayin rage tumbi a hannu.
Ruwan Agusta ya doke ta, ko tari ba ta yi ba.
Sanyin Jos bai taɓa sa ta neman kunu ba.

Talatin da ɗaya, watan Mauludi.
Ashirin da tara.
In soke lamba, in rubuta wata a ƙasa,
sai ka ce mai karɓar adashi.
Na miƙa mata dankali da ƙwai, ta ce ta ƙoshi.
Cikinta ya ƙaryata ta,
har ya fi kekena ƙara.

Shafi na gaba Nanret ce.
Ita kuma waya ce ta ce mata ba ta cika mace ba.
Sha-ka-fashe safe da dare,
fuska ta kumbura, ƙafa ta ƙi takalmi.
Ankonsu ɗaya,
ƙyallen da na rage a rigar waccan
shi na jona a rigar wannan.

Jiya Suwaiba ta ɗaga hannu in gwada ta.
"Anti, ɗan ƙara ja."
Na ja. Ta riƙe numfashi.
Ido ya juye, ta sulale kan buhun ƙyallaye.
Da ta farfaɗo ba ruwa ta nema ba,
cewa ta yi, "Nawa?"

Na dubi tef, na dubi allon.
Iska ta yage gefensa tun shekaranjiya:
bayan matar ba hanji, ba ƙashi,
ƙarfe ne da tsatsa
da sheƙar tattabaru.

Na ce, "Birona ya ƙafe."
Na aiki yaro ya sayo gwaten acca,
kwano ɗaya, cokali biyu.
Na fara ci, ban kalle ta ba.
Na tsai da keke, na kashe rediyo,
ina sauraro
ko cokalinta zai taɓa kwano.