Huji na Huɗu

Rana ba ta daɗewa a Kajaani cikin Janairu,
kafin ƙarfe huɗu ta naɗe tabarmarta,
fitilun fili su karɓi aiki.
Sanelma na kan benci, ƙafa a miƙe,
ni ina durƙushe gabanta kamar mai neman gafara.

Shekararta tara. Ni ke ɗaure mata takalmi.
In zarga igiya, in ja, in sake ja
har yatsuna su yi fari fat,
don da idona na ga ƙafar wani yaro ta gurɗe
a waccan kwanar, hunturun bara.

Ba ta taɓa cewa uffan ba.
Zagayenta ne ya yi ta raguwa,
goma ya koma shida,
shida ya koma jingina da katako, tana kallon sauran yara.

Daren Laraba ta tuɓe safa a kicin.
Gaban idon sawu, daidai inda ƙafa ke lanƙwasa,
ga sawun igiya layi-layi,
ga kumburi ja kamar rabin ƙwan tantabara.
Na ɗora yatsa a hankali,
ta ja iska ta tsakanin haƙora.

Bayan fili akwai rumfar Tuulikki,
warin kofi da man inji,
dutsen wasa wuƙa na tofar da tartsatsi.
Shekara talatin ke nan takalman garin nan ita ke gyara.

Ta juya takalmin, ta matsa harshensa da babban yatsa.
"Ya mutu," in ji ta, "ya zama takarda.
Wa ke ɗaure mata?"
Na ce ni ne.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Jalmari, ƙafa ce wannan,
ba bakin buhun dankali ba da za ka shaƙe ka ɗaura.

Jijiya ce kwance a nan, ita ke ɗaga ƙafa.
Duk durƙuson da yarinya ta yi, igiya ta cije ta.
Kai ka ja sau ɗaya da yamma,
ita kuwa sau ɗari take jin jan, har da ƙari ta ƙara."

Ta ɗauko soso mai kauri da almakashi,
ta yanka zobe, ta huda tsakiya,
ciwo ya zauna a rami, nauyi ya sauka a gefe.
Siririyar igiyata ta wurga kwandon shara.
Ta zaro mai faɗi, mai santsin kaki,
ta zura daga waje zuwa ciki,
ɗaya, biyu, uku,
da ta zo na huɗu ta tsallake shi,
ta bi ta gefe ta haura.

Na ce, "Kin manta ɗaya."
Ta ce, "Ban manta ba.
Sati guda kada ta hau.
Ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora mata safe da dare."
Sanelma ta yi dariya, ta farko a makon:
ciwon ƙanƙara, magani ƙanƙara.

Yau ita ke ɗaure abinta.
Yatsunta a hankali suke, harshe a gefen baki,
kullin ya karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya.
Hannuwana na cikin aljihu suna ƙaiƙayi.
Hujin nan na huɗu, wayam,
yana kallona kamar ido,
ni ma ina kallonsa, ina jira.

Ta faɗi sau biyu a waccan kwanar.
Na miƙe, na koma na zauna.
Ta kakkaɓe gwiwa, ko waiwaye babu.
Kofina ya huce a hannu ban kurɓa ba,
ina ta ƙirge:
sha ɗaya, sha biyu,
Tuulikki ta rufe rumfa ta wuce da kekenta,
sha uku,
ni kuwa na kasa buɗe baki in yi kira.